Hajiya Murjanatu da Fayil ɗin Inna A'i

Kafin masu shagunan unguwar Naif ta Dubai su gama ɗaga ƙofofinsu, Hajiya Murjanatu ta riga ta tsallako ruwa daga Bur Dubai a ƙaramin jirgin abra, ta hau matattakalar nan mai ƙunci, ta zauna a teburinta na ofishin buga takardu. Ofishin ba nata ba ne, na wani Ba'indiye ne, amma duk Bahaushen da ya hau benen ita yake nema. Takan kunna kwamfuta, ta tsiyaya shayi daga filas, ta gyara zaman tabarau, sannan ta dubi na farko a layi ta yi masa tambayar da ta sa wasu ke sauya hanya in sun hango ta: "Ka taɓa ganin abin da aka rubuta a kanka?"

A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma Gusau, kuma har yau yawancinmu, 'yan Najeriyar da ke Dubai, ba mu da amsar tambayar nan. Mu mutane ne masu sa hannu a takarda muna amsa waya. Da an buga mana biza, shi ke nan, ko an rubuta cewa a bakin teku muke kwana ba ruwanmu. Ita kuwa kullum maganarta ɗaya ce: bayanan da hukumar gari ta ajiye a kanka, sunanka da adireshinka da danginka, naka ne. Ka nemi ka gani, in da kuskure ka nemi a gyara, kuma kada ka bari wani ya taɓa maka ba da yawunka ba. Har suna aka sa mata, Hajiya Je-ka-duba, ana faɗa ana dariya.

Louisa, ma'aikaciyar jinya 'yar Kafanchan, ba ta cikin masu dariyar. Murjanatu ce ta gano cewa lambar wayar da ke fayil ɗinta ta dillalin da ya kawo ta ce, shi ya sa duk saƙon da hukuma ta aiko mata, har sakamakon gwajin lafiyarta, shi yake fara karantawa. Murjanatu ta raka ta ƙafa da ƙafa har aka cire lambar. Irin waɗannan suna da yawa, amma wanda ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne na Inna A'i.

Inna A'i Bafulatanar Yola ce, mai girki a wani gidan abinci na 'yan Najeriya. Ɗanta na fari, Gidaɗo, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Jebel Ali. Duk ranar hutunsa yana wajenta, ya sauya mata tukunyar gas, ya ci abinci a tsaye, su rabu ba ta dube shi ido cikin ido ba. Ba rashin so ba ne, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanenta. Tun yana jariri mahaifiyarta ta ɗauke shi, sunan kakansa ne ma a fasfonsa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". In an tambaye ta 'ya'yanta nawa, ba ta sa shi a lissafi. Haka ta amsa wa hukuma ranar da aka buɗe mata fayil: 'ya'ya mata biyu, suna Yola.

Ranar da ta zo sabunta takardunta Murjanatu ta ga haka, ta sauke tabarau.

"Inna A'i, ina Gidaɗo a nan?"

A'i ta ja mayafi ta rufe baki. "Kai, Hajiya. Wancan ai na Dada mahaifiyata ne, ita ta raine shi."

"Sistem ɗin nan bai san kunya ba, Inna. Abin da kika faɗa masa shi ya riƙe. Ki ce in nema a gyara, yanzun nan."

"Shwaiya shwaiya dai, a bi a hankali. Wani zuwan, inshallah."

Wani zuwan ya zo ya wuce, wani ma ya zo. Duk lokacin da Murjanatu ta tayar da maganar, A'i kan yi dariya ta tambayi lafiyar jikoki.

Wata Talata da hantsi A'i ta yanke jiki ta faɗi a gaban murhu, ɓarin jikinta ya shanye. Aka kai ta asibiti, sashen masu tsananin ciwo, inda ba a barin kowa shiga sai dangin da ke rubuce a fayil ɗin hukuma. Gidaɗo ya iso da rigar aikinsa, ya ce shi ɗanta ne. Aka duba kwamfuta, aka duba fasfonsa, aka ba shi haƙuri. Ko halin da take ciki ba su yarda sun faɗa masa ba, domin sirrin mara lafiya ne. Ya zauna a bencin waje, ƙofa ɗaya tsakaninsa da uwarsa.

Daga can ya wuce Naif, wajen Murjanatu. Waɗanda ke layi a ranar sun ce har ƙasa ya durƙusa.

"Hajiya, don Allah. Ke kike shigar mata da komai, lambar sirrinta tana wajenki. Ki sa sunana kawai, khalas, shi ke nan. Ai ba ƙarya za ki yi ba."

Murjanatu ta dube shi. Ta san ba ƙarya ba ne, ta kuma san abu ne na 'yan mintuna.

"Gidaɗo, ɗana, fayil ɗinta ne. Sau da yawa na tambaye ta, ba ta ce in sa ba. In na taɓa yau don ina tausayinka, gobe wani zai taɓa na wata don yana son cutarta. Tashi mu je, da bakinta za ta faɗa."

Ya fita bai yi mata sallama ba, kuma babu wanda ya ga laifinsa. Wasu a layin ma har tsaki suka yi.

Ta rufe teburinta ta shiga zirga-zirga tsakanin ofishin hukuma da asibiti, wannan ya tura ta gun wancan, har aka yarda a turo jami'a ta ji daga bakin mai fayil. Da yake A'i ba ta jin Larabci ko Turanci, aka bar Murjanatu ta shiga a matsayin tafinta. A'i tana kwance, bakinta ya karkace, magana na fita da ƙyar.

"Inna, suna tambaya, wanda ke zaune a waje wane ne shi?"

"Yaron nan ne..."

"Suna suke so, Inna. Daga bakinki."

Hawaye ya gangaro wa A'i ta gefen da bai shanye ba. Can ta ce, "Gidaɗo." Ta numfasa, ta sake cewa, "Gidaɗo. Ɗana ne. Shi na fara haifa."

Jami'ar ta rubuta, ta ce gyaran zai shiga washegari. Ya kuwa shiga, amma kafin a buɗe wa Gidaɗo ƙofa ciwon ya sake bugun A'i, maganar ta ɗauke gaba ɗaya. Ya riƙe hannunta har Allah Ya karɓi abarsa. A matsayin ɗanta aka miƙa masa gawar, shi ya sa hannu, shi ya sanya ta a kabari. Sunansa dai daga bakinta bai taɓa ji ba.

Hajiya Murjanatu, ke ce kika ɗauki wannan nauyin ke kaɗai. Ke ce mai riƙon amanar da ba ta da daɗin riƙo. Mun ga yadda kika rame bayan rasuwar, mun kuma ji abin da kika faɗa wa Louisa: "Da na sa sunan da hannuna, da ya same ta tana magana. Wannan ba zai bar raina ba har in mutu. Amma da ni ce na kira shi ɗanta, ba ita ba." Wanda ke ganin zaɓin mai sauƙi ne, to bai tsaya a inda kika tsaya ba.

Makon jiya aka yi mata 'yar walimar ban kwana a gidan abincin da A'i ta yi aiki. Ana cikin raba shinkafa sai ga Gidaɗo, wanda rabonsa da ita tun ranar jana'iza. Ya tsuguna a gefen kujerarta, ya gaishe ta. Sannan ya ce, "Hajiya, za ki tafi, kuma ke kaɗai kika ji da kunnen da ya gane. Yaya ta faɗe shi?"

Murjanatu ta sunkuyo, ta faɗa masa a hankali, da irin jan harshen Yola, sau biyu kamar yadda A'i ta yi. Ya rufe fuska da hularsa ya ce, "Ƙara faɗa."

Mun gode, Hajiya. Allah Ya kai ki Gusau lafiya, Ya saka miki da abin da mu ba mu iya saka miki ba. Teburin nan zai samu wani mai buga takardu, amma ba mu san ko zai samu mai cewa a'a ga wanda ya durƙusa yana kuka ba. Masu irin aikinta, ku koyi riƙon nan. Mu kuwa sauran, kowa ya je ya nemi ganin abin da aka rubuta a kansa, in akwai sunan da ya bari a baya ya sa shi, tun bakinsa yana iya faɗa.