Ranar da Uwa Ta Ƙi Kuka

Ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina, ba na jin zai taɓa ranar da na fito a matsayin uwa a wasan kwaikwayon makarantarmu a Mubi, zamanin muna Jihar Gongola.

Malamin da ke kula da wasan mutumin kirki ne, sai dai silima ta riga ta yi masa karatu. Duk fim ɗin Indiya da aka kawo garin, da shi ake buɗe ƙofa. A wurinsa uwa halitta ce mai aiki guda: ta ɗaura farin zane, ta yi tagumi, ta yi kuka. In ana son ƙara mata daraja, sai a makantar da ita.

Haka ya tsara wasansa. Ɗa ya gudu birni ya bar gona, ya dawo hannu rabbana. Uwa tana shigowa da ƙwarya a ka, ta gan shi, ta zube tana birgima. Ranar bikin iyaye za a nuna, kuma waɗanda suka yi ƙoƙari su za a kai gasa Yola. Ni kuwa a lokacin Yola a taswira kawai na san ta.

Da muka fara gwajin wasan, hawaye suka ce ba su san zancen ba. Na tuna akuyata da ta mutu, na tuna bulalar lissafi, shiru.

"Ke, wace irin uwa ce ba ta kuka?" in ji Malam.

"Irin tamu, Malam."

"To, in ba ki yi kuka ranar ba, motar Yola ba ta da wurinki."

Ba rashin kunya na yi masa ba. Mama mutuniyar duwatsun Michika ce, inda mata ke ɗaukar kaya a kafaɗa, ba a ka ba. Ita ta noma dawar da ta raine mu bayan rasuwar Baba, kuma ban taɓa ganin bayanta a ƙasa ba.

Ranar ta zo. Na ƙulle albasa a bakin zane, na ɗora ƙwarya a ka, na fito. Sai ga Mama a tsakiyar matan zumunta na cocinmu, ta tsura mini ido. Na ji kunyar in yi birgima da sunanta. Na sauko da ƙwaryar, na aza ta a kafaɗa.

Daga gefen mata wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, "Yawwa! Wannan namu ne!"

Yaron da ya fito a ɗana ya durƙusa, yana jiran in faɗi. Na dube shi sama da ƙasa.

"Birnin ya ƙare ne? Sannu da zuwa. Ga fartanyarka nan inda ka bar ta, ciyawa ma tana ta tambayarka."

Na ciro fartanyar da aka jingina don ado, na danƙa masa. Wurin ya kece da guɗa. Mata suka miƙe, maza suna dariya irin ta waɗanda aka taɓa miƙa wa fartanya. Babban baƙo ya cire tabarau yana share ido. Ashe dai an yi hawaye a wasan, ba daga inda Malam ya tsara ba ne kawai.

Bayan an tashi Malam ya same ni. Ya daɗe yana kallon albasar da ke leƙowa daga zanena.

"A Yola ma haka za ki yi," ya ce. "Kada ki canza ko kalma."

Na ruga wurin Mama ina jiran yabo. Ta gyara mini ɗankwali, ta ce da yarenmu, "Ƙwarya kin riƙe daidai. Amma da ni ce, sai ya ci tuwo ya ƙoshi kafin in ba shi fartanya."

Na je Yola, da tuwon a cikin wasan. Tun daga ranar na gane cewa mai son zana uwa ba ya bukatar tikitin silima. Ya koma gida ya duba da kyau, kuma ya duba har ƙarshe.