Bakaniken da Ke Hawa Kafin Mai Babur

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar abokina Malam Ɗahiru, bakaniken babur a Sabon Garin Gusau. Inda garejinsa yake, yanzu cajin waya ake yi.

Lokacin da nake malamin gona, wani tsohon babur na Ingila nake hawa, wanda na gada wurin mahaifina. Wata damina, a hanyar 'Yankuzo, saniya ta faɗo mini, na auka rami. Ban ji ciwo ba, amma ƙarfen da ke riƙe ƙafafun gaba ya lanƙwashe, tayar ta karkace. Tuni an daina kawo kayan irin wannan babur, sai gyara.

Ƙarfen na alminiyum ne. Ɗahiru ya ce idan aka miƙe shi da sanyi tsagewa yake, idan aka gasa kuma ba ya yin ja, sai dai a ga ya narke. Sai ya goga masa sabulu ya ɗora kan gawayi. Da sabulun ya yi baƙi ya sauke, ya dinga matsa shi kaɗan-kaɗan har ya miƙe.

Na nemi makulli, don washegari zan kai maiɗakina Hajara Bunguɗu da tsohon ciki. Ya hana.

"Malam Sani, ba a tahiya da shi sai na hau," in ji shi. "Idona ba ya ganin cikin ƙarhe."

Haka yake wa kowa. Duk abin da ya miƙe, shi ke fara hawa, ya nemi hanya mai gargada. Rannan ya nufi Tsafe. Bai yi nisa ba ƙarfen ya tsage, babur ya kife da shi, cinyarsa ta karye. Da na je asibiti, abin da ya fara cewa shi ne in nema wa Hajara mota. Ya warke da ɗingishi, ya kuma ci gaba da hawa har ciwon ajali ya kwantar da shi.

Yau babu mai wannan wahala. Abu ya lanƙwashe a jefar, a sa sabo, kuma ban ga laifin hakan ba. Ina jin shi ma da ya huta. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne ƙauyukan da a da ake fitowa tarbar ƙarar babur, yanzu kuwa in an ji ta daga daji sai a kwashi yara a gudu.

Bai bar gida ko suna ba. Allah ya jiƙansa. Amma akwai mutane a garin nan, wasu har da jikoki, da suka isa gida lafiya ba tare da sanin wani ya riga su gwada hanyar da jikinsa ba. Ni ma na sani ne kawai don nawa ne ya karye.