Zanen da Arzika ya yi wa jikansa

Arzika wanzami mutum ne mai taurin kai, kowa a ƙasar Bungudu ya san haka. Ƙauyensu unguwa biyu ne, Zamfarawa da Katsinawa, kowa da zanen fuskarsa, kuma Arzika ke tsaga musu duka. Da Turawa suka zo sai suka haɗa su ƙarƙashin dagaci ɗaya, Bazamfare. Katsinawa suka ce ba za su zauna ba, Tsafe za su koma wajen danginsu. Har rijiya aka raba.

Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar 'yarsa Kulu ta haihu, namiji. Mijinta Bello Bakatsine ne, ya rasu tun cikin yana wata biyar.

Ranar suna unguwannin biyu suka cika ƙofar gida, kowa da sandarsa, ba mai gaida wani. Dogo, yayan Arzika, ya ja shi gefe.

"Jikanka na. In kay yi mishi zanen Katsinawa, ranar da sunka tashi da shi za su. Yi mishi namu, mu ga mai taɓa shi."

Arzika ya buɗe zabira. Daga ɗaki yana jin kukan Kulu, ya kuma san abin da take roƙo, kada a raba ta da ɗanta. Shekara talatin yana aski, hannunsa bai taɓa rawa ba sai ranar.

"Ɗa zanen ubanai ya ka ɗauka," ya ce. "Bello ya mutu, ba ni cin amanatai."

Ya tsaga zanen Katsinawa. Aka sauke sanduna, ba a fasa kan kowa ba. Tashi kuwa ba a fasa ba. Ana yaye yaron baffanninsa suka aza shi a jaki, Kulu ta bi su da gudu har bakin rafi. Ba ta ƙara kallon ubanta ido da ido ba, ni kam ban ga laifinta ba.

Bayan shekara ashirin, a kasuwar Gusau, wani saurayi ya zauna gabansa aski. Arzika ya jiƙa masa kai, ya juyo fuskarsa, sai ya tsaya cak. Ya gane aikin hannunsa, tsaga ɗaya a kuncin hagu ta ɗan karkace.

"Baba, lafiya?"

"Wa yay yi maka zanen ga?"

"An ce wani Bazamfare na, wai bai iya ba."

"Ya iya," in ji Arzika. "Duƙar da kanka."