Kada ka sha, kada ka aje

Mun tashi da asuba daga Tawa, ladanin unguwarmu bai ma gama gyara murya ba, ni da ɗiyar ƙanwata da direban motar ofishinsu. Ku da kuka saba ganina bakin shago ina sayar da tayar babur ina ba da surutu kyauta, za ku ce me ya kai ni daji. Rakiya ce. Yarinyar ta karanci ruwa a Yamai. E, ruwa dai wanda muke sha, ashe shi ma karatu ne mai zaman kansa. Yanzu aikinta ta bi tafkuna da koramu tana duba lafiyarsu. Aka tura ta wani ƙauye arewa da Afala, uwarta ta ce ba ta shiga daji sai da babba. Aka duba dangi kaf, ba wanda ya kai ni girma, ina nufin girman ciki, aka ce Kawu ya shiga gaba.

Bayan mota na ga akwatin ƙanƙara, raina ya yi fari, na ce ashe ofishin nan sun san darajar baƙo. Na buɗe. Kwalabe ne jere, ba komai cikinsu. Wai na ɗebo ruwa ne. Na rufe na shiga mota.

Kwalta ta raka mu kaɗan ta sallame mu, muka hau jar hanya mai kunya-kunya. Irin hanyar nan ce da in ka sha nono da safe, kafin hantsi ya zama man shanu a cikinka. Amma ido ya sha kallo. Kaka ce, amalanken jakai na ta wucewa da dammunan hatsi, ko'ina ana yaɓen rumbu. Ga duwatsun Adar baƙi-baƙi ja-ja kamar an toya su, ga ramukan nan masu siffar rabin wata da mutane suka haƙa a fako don tare ruwan sama, kowane da ɗan iccensa tsaye a ciki. A Afala muka tsaya karin kumallo. Ƙosan dala ashirin na can ya fi namu na birni auki, ɗaya sai ka kama shi da hannu biyu. Na sayi cuku wajen wata mata, busasshe ƙamas, na sa haƙori na ji kamar na ciji murfin tukunya, sai da na tsoma shi cikin shayi muka shirya.

Muna ci ɗiyar tawa ta faɗa mini abin da ke kai mu. Ƙauyen na da tafki bayan wata madatsa, ruwa na tsiyayowa daga ƙasanta ya zama ƴar korama, ta ratsa gefen lambun wani tsoho, ta gangara mashayar dabbobi. Tumakin wani makiyayi sun sha a mashayar, wasu sun mutu. Aka ce maganin ƙwarin da tsohon ke fesa wa albasarsa ne ya gangara ruwa. Maigari ya hana shi dashe har sai an duba. In ruwan ya nuna guba, za a tashe shi daga lambun da ya gada wajen ubansa, ga shi irin albasarsa ya isa dashe, yana neman wuce lokaci.

Jama'a, na san kun san ni da ƙarin gishiri. Amma abin da na gani da muka hau wani tudu muka leƙa kwari, ko gishirin Bilma duka aka ba ni ban da abin ƙarawa. Tun safe dutse muke gani da ƙaya, sai ga ruwa shimfiɗe tsakanin duwatsu, shuɗi, yana ƙyalli har sai ka kare ido. Balbelu sun rufe wata bagaruwa fari fat, ka ce an shanya mata wanki. Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya suna fito, inuwarsu ta ratsa kan motarmu. Wani zalɓe na tsaye cikin ruwa da ƙafa ɗaya, bai ko dube mu ba. Raƙuma a can gefe sun miƙa wuya, su da hotonsu na cikin ruwa suna sumbatar juna. Direba ya kashe mota ba wanda ya ce ya kashe. Ni da bakina ba ya hutawa ko a gidan makoki, na buɗe shi ban sami komai ciki ba sai subhanallahi.

Muka gangara. Ashe ana jiranmu ƙarƙashin wani gawo bakin lambun: maigari bisa tabarma, makiyayin tsaye da rawaninsa ya rufe baki, sanda bisa kafaɗa, mutanen gari sun yi da'ira. Tsohon lambun na gefe guda, ɗan siriri, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya da mutanen Tawa. Kafin a shiga magana sai tsohon ya ɗauki ƙwarya, ya taka zuwa koramar, daidai ƙasan lambunsa inda ake zargi, ya kamfato ruwa, ya dawo ya durƙusa gabana don ni ne babba cikin baƙi.

"Baƙo, amshi ka sha. Ruwan ga nika sha, shi jikokina ka sha."

Kun san yadda abin yake wajenmu: ruwan baƙo ba a mai da shi. In na ce na ƙoshi, na gama yanke wa tsohon nan hukunci gaban garinsu tun ba a buɗe kwalba ɗaya ba. In kuwa na sha alhali da guba ciki, to ni ne tunkiya ta gaba. Na karɓa da hannu biyu. Ɗiyar tawa ta sunkuyo kamar tana gyara takalmi, ta raɗa mini: "Kawu, kada ka sha, kada kuma ka aje. Ka ba ni lokaci." Ta ɗauki jakarta da wani farin faranti ta nufi korama.

To, Allah bai ba ni ilimin ruwa ba, amma ya ba ni baki. Na ɗaga ƙwarya har kusa da leɓe, sai na sauke na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ruwa ya tuna mini wata tarwaɗa." Na ba su labarin tarwaɗar da na kama ina saurayi, wadda sai da aka ɗaura mata jakai biyu aka fitar da ita, aka sami guga da igiyarsa cikin cikinta. Na sake ɗaga ƙwarya, na sake tunawa da shekarar da aka yi zafi a Tawa har kajina suka riƙa yin dafaffen ƙwai. Maigari ya fara murmushi. Wani daga baya ya ce, "Alhaji, sha ruwa mana, maƙoshinka ya bushe da ƙarya!" Na ce ai a gidanmu ba a shan ruwa sai an kai aya, kuma kakana ya taɓa shekara bai kai ta ba. Aka fashe da dariya. Har makiyayin na ga rawaninsa na motsi wajen baki.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Tsohon na durƙushe inda yake, idonsa na kan ƙwaryar. Ya gane abin da nake yi sarai. Ƙwarya ta koma nauyin turmi, labaraina suka fara ƙarewa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife ni. Ina hango yarinyar cikin ruwa har gwiwa, tana tsoma wani abu mai kamar alƙalami tana dubawa, tana cika kwalabe, tana juya duwatsu ɗaya bayan ɗaya tana wanke su cikin faranti. Na ce a raina, ɗiyar nan, in ba ki yi sauri ba sai na fara ba su labarin gaskiya.

Can ta ɗaga hannu ta kira mu. Muka ɗunguma gaba ɗaya, ni da ƙwaryata a hannu kamar mai kai gaisuwar sarki. Ta aje farantin bisa dutse, ruwa kaɗan a ciki da ƴan baƙaƙen abubuwa kamar dattin shayi. Ta miƙo mini madubin nan mai ƙara girman abu ta ce in duba.

Wayyo jama'a. Dattin nan ashe rai ne. Na ga wani da ƙafa shida da idanu manya kamar fitilun babbar mota, yana tafiya a hankali kamar mai gari. Na ga wani siriri mai wutsiya uku, gefen cikinsa wasu ƴan fikafikai na kaɗawa ba tsayawa, ta ce da su yake numfashi. Wani kamar ɗigon gilashi, ana ganin cikinsa daga waje, har wani abu na bugawa ciki, bal-bal-bal. Zuciya ce. Abin da bai kai ƙwayar gero ba, an yi masa zuciya, an ba shi abincinsa ƙarƙashin dutse a wani kwari da ko sunansa ban taɓa ji ba. Na manta da tsoho, na manta da maigari, na tsaya ina kallo kamar yaron da aka kai kasuwa ranar farko.

Ta yi wa mutane bayani da Hausa mai sauƙi. Mai manyan idanun nan ɗan mazari ne, ƙwaron nan mai fikafikai huɗu da ke shawagi bisa ruwa, a nan yake girma kafin ya tashi. Shi da mai wutsiya ukun ba su jure maganin ƙwari ko kaɗan, su ne farkon mutuwa in ya shiga ruwa. Ga su nan kuwa cike ƙarƙashin kowane dutse, daidai inda ruwan lambun ke zuba. Madubi ya zaga hannu-hannu. Makiyayin ya daɗe yana dubawa, ya sauke rawani daga bakinsa, ya ce wani abu da Tamashek, yarensu na Buzaye, wanda ban ji ba sai kalmar aman, wato ruwa.

Na dubi ɗiyar tawa. Ta ce a hankali, "Kurɓa ɗaya, Kawu. Guba dai ban ga alamarta ba, amma ruwan korama ne." Na dubi tsohon. Na yi bisimilla na kafa kai, ban sauke ba sai da na ga gindin ƙwarya. Sanyi, da ɗan ƙanshin ƙasa. Na kife ta na ce, "Baba, a ƙaro." Tsohon ya karɓi ƙwaryarsa, ya juya baya yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

Daga nan muka gangara mashayar, kuma tun daga nesa hanci ya ba da labari. Yashin damina ya toshe mafitar ruwan, ya tsaya wuri ɗaya ya yi ɗumi, kashin dabbobi ya taru, samansa ya yi kore shar kamar an zuba fenti. Ta juya duwatsu, ba kowa sai wasu jajayen tsutsotsi. Ta ce irin wannan koren na iya kashe dabba, amma ba za ta rantse ba sai an auna kwalaben a Yamai, a kuma kira likitan dabbobi. Kafin nan a buɗe mafitar, a shayar da dabbobi daga sama, matan gari kuma su riƙa tafasa na sha. Maigari ya ce to, amma maganar dashe tana nan sai sakamako ya zo. Kafin mu tashi na ga an kawo shebur da kwanduna, tsoho na haƙa, makiyayi na kwasar yashi.

Aka cika mu da fura mai nono har na kasa sunkuyawa. A hanyar dawowa na sha faɗa wajen ɗiyar tawa kan kurɓa ɗaya da ta zama ƙwarya guda, cikina kuma ya yi ƴan jawabai da ba zan maimaita su nan ba, sai dai direba ya san kowace bishiya tsakanin Afala da Tawa. Mun shigo gari ana kiran magariba, kwalabe cike, ni a sheƙe.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na yi shekaru ina shan ruwa ina wanka da shi ina zubarwa, ban taɓa tambaya ko da masu gida a ciki ba. Ashe korama gari ce da jama'arta, kuma in kana son sanin lafiyarta, ƙananan cikinta za ka tambaya. Na kuma ga yadda zargi ke saurin samun mai shi, alhali wani lokaci yashi ne kawai ya toshe hanya.

Kwanakin jiran sun yi mini tsawo, kullum sai na leƙa gidan ƙanwata da sunan gaisuwa. Ranar da sakamako ya zo ina nan zaune. Ba maganin ƙwari a ruwan ƙasan lambu, matsalar ta mashaya ce. Ta kira maigari a waya ta faɗa masa, ta ce ko za a ba ta tsohon ta yi masa albishir da bakinta. Muka ji maigari ya ƙwala kira, muka ji hayaniya, muka jira. Can ya dawo yana dariya.

"Madam, ki yi haƙuri. Yana jin na ce babu guba ya ɗauki irinsa ya yi lambu. Ya ce a gaishe ku, rana na tahiya."