Daɓen Dije

Kakata Hajiya Gambo ba ta ba da tatsuniya a banza, sai an murje mata gyaɗa. Da an idar da magariba takan hura gawayi a tsakar gidanmu na unguwar Misfala a Makka, ta ɗora kasko cike da yashi, tana soya gyaɗar da za ta kai bakin Harami da safe. Mu jikoki mu kewaye ta muna murje ɓawo, wanda ya jefa ƙwaya a baki ya sha ludayi a ka. Ina sonta ba kaɗan ba. Zanenta warin hayaƙi yake yi, in kuwa barci ya kwashe ni a cinyarta ba ta ko motsi har in farka.

Shekarun bayan babban yaƙin Turawa ne, lokacin da mutanenmu ke zuwa Makka da ƙafa ta Sudan. Masu hali sukan sauka gidajen muɗawwifai, masu yi wa alhazai jagora da masauki. Talaka kuwa sai babban filin da ake zube baƙi, tanti a jikin tanti, ga ƙudaje, ga gudawa tana ɗibar mutane. Shi ya sa wasu ke bin gidajen Hausawan da suka daɗe a garin, suna roƙon ɗan wurin da za su kafa rumfa. Kaka tana da fili a bayan ɗakunanmu na gwangwani, ya haura jikin dutse, kuma ta san darajarsa.

Haka Dije ta zo mana gab da azumi, ita da mijinta Malam Isa, mutanen ƙasar Gumel. Sun yi shekaru a hanya suna tsintar auduga a Sudan. Shi ƙafafunsa sun kumbura, tari ya cinye shi, burinsa ɗaya ya rage, ya kai ranar Arfa da rai. Dije ta ce in suka ƙara mako a filin baƙi gawarsa za ta ɗauka.

Kaka ta nuna mata wani lungu a gindin dutsen. "Ga wuri can, 'yar nan. Ba na son komai naki, don Allah na ba ki."

Ko akuya ba ta kwanciya a lungun saboda duwatsu, sai dai yana samun inuwa tun daga azahar. Dije ta kafa sanduna ta rufa buhuna a kai. Sannan ta yi abin da matan ƙasarmu ba sa iya bari, ta shiga gyara. Ta kwashe duwatsun ɗaya bayan ɗaya ta jera su katanga. Ta jido ƙasa a garwa, ta ɗebo ruwa tun daga famfon unguwa, da azumi a bakinta, ta kwaɓa ta shiga daɓe. Kwana da kwanaki muna jin bugun madaɓinta. Da ta gama, wurin ya yi sumul, har Malam Isa ya fara zama yana jan carbi.

Ranar da daɓen ya bushe Dije ta zo bakin wutarmu, hannuwanta duk sun tsage. Kaka ta zuba mata gyaɗa mai zafi a tafi, ta gyara zama ta buɗe tatsuniya.

"Ga ta nan, ta ƙetare Bahar Maliya ko gefen zanenta bai jiƙe ba."

Muka ce, "Ta sauke kaya mu ji."

Wai dabbobi ne suka taru a wani babban taro, masauki ya cika, Gafiya ta rasa inda za ta kwantar da 'ya'yanta. Kura ta ce ta zo filinta, kyauta. Gafiya ta tarar da tsakuwa zalla, ta tone, ta share, ta ja katanga. Sai ga Kura tana lasar baki. "Kai, wurin nan ya yi kyau, ya fi ƙarfinki. Raƙumi zai sauka nan. Matsa gaba kaɗan." Gafiya ta matsa, ta sake tonewa, ta sake sharewa. Kura ta kawo Doki. Haka, haka, har faratan Gafiya suka ƙare, filin ma ya ƙare. Ta duba ta ga tana bayan katangar da ta gina da hannunta, ba inuwa, ba rami. Rana ta fito ta kashe 'ya'yan tana kallo.

Kaka ta ci gaba da juya yashi, wai ta gama. Na ce, "To Kura fa, me ya same ta?"

"Ta yi ƙiba."

Muka dubi juna. Dije ce kaɗai ta yi dariya, ta ce, "Allah wadan Kura, Iya!" Kaka ta dube ta ta cikin hayaƙi, ta daɗe tana dubanta.

Da watan aikin hajji ya kama, wakilin wani muɗawwifi ya zo da alhazan ƙasar Jawa ta can gabas mai nisa da farin tantinsu sabo fil. Ya zaga filin, ya tsaya a kan daɓen Dije, ya buga ƙafa ya ce nan. Kaka ta kira ta.

"Yalla, maza, 'yar nan, ki ɗan haura sama. Baƙi sun zo."

"Iya, sama ai rana ce. Malam ba zai iya ba."

"Halas, an gama, na riga na yi magana da mutane."

Dije ta juya ta nufi rumfarta. Ta kwance buhunanta, ta goyi mijinta a baya kamar yaro, ƙafafunsa na jan ƙasa, ta haura da shi. Can sama dutse ne tsirara, da hantsi ba ka iya taka shi. Ina ganinta daga ƙasa tana tsaye a kansa ta ware mayafi tana yi masa inuwa da jikinta. Jawawa suka shimfiɗa dardumarsu a kan daɓen suna yaba laushinsa. Malam Isa ya cika ana saura kaɗan a fita Mina, yana jiyo talbiyyar masu wucewa.

A daren rasuwar na ji uwata, wadda ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, tana cewa, "Iya, wannan abu bai yi ba."

Kaka ta ce, "Na gaya mata. A gabanku na gaya mata, ta yi dariya. Ni da wani Balarabe ya yi mini haka a shekarar da na zo, da goyon mijinki a bayana, wa ya ba ni tatsuniya?"

Na daɗe ina ɗaukan tatsuniyar nan gargaɗi ce gare mu, kada mu yarda da kyautar mai fili. Sai da na yi furfura na gane ba dominmu aka yi ta ba, ba kuma domin Dije ba. Da ceton Dije Kaka take so, da ta ja ta gefe ta faɗa mata da Hausa tun kafin ta ɗauki dutsen farko. Ta bari har daɓe ya bushe, sannan ta faɗa da wasa a gaban shaidu, don ita kanta ta samu ta yi barci da hankali kwance. Kuma ta yi. Ina jin haushinta har yau, ina kuma yi mata addu'a, duka biyun gaskiya ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bankwana. Bayan an sauko daga Arfa, Dije ta zo da ƙullin buhunanta a ka, za ta bi ayarin Jidda. Ta durƙusa gaban Kaka kamar yadda baƙo ke yi in zai tafi, ta gode da masauki, ta ce, "Iya, in na saɓa miki a zaman da muka yi, ki yafe mini."

Kaka ta dube ta, ta gyaɗa kai a hankali.

"Na yafe miki," in ji ta.