Sallama Daga Bayan Rake

'Yata Bilkisu ce ta turo mini hoton a waya daga Kaduna. Wai an buɗe ɗan gidan tarihin alewa a ƙauyenmu na bayan Hunkuyi, a tsohon wurin da ake matsar rake ana dafa mazarƙwaila. A ƙasan hoton ta rubuta, "Mama, kin san wurin nan? Ya kai a kwaso yara a zo, ko ɓarnar mai ce kawai?" Na ce mata ta bari in je in gano tukuna. Abin da ban gaya mata ba shi ne, ba don jikokina zan je ba. Akwai tambayar da nake yawo da ita tun ina yarinya, masu iya amsa mini kuwa sun kusa ƙarewa.

Kakarmu ta wajen uba, Iya, alewa ce sana'arta. Idan kakar rake ta zo, ƙauyen gaba ɗaya ƙamshi yake yi, har tufafinmu na makaranta. Da an idar da sallar isha'i sai ta ɗora kasko a murhu, ta zuba mazarƙwaila da ruwa da ɗan tsamiya, ta tura busasshiyar tuƙar rake a wuta. Mu kuma mu kewaye ta, ni da yayana Sule da ƙanwata Ladi, kowa ya cusa ƙafafu cikin riga saboda sanyi. Akwai wani turke da ta kafa a tsakar gida, da ƙugiyar ƙarfe a jikinsa, a nan take rataya alewa tana ja har ta yi fari. Turken nan ya tsare hanya, babu wanda bai taɓa yin karo da shi ba. Innarmu ta yi mita har ta gaji, Iya ta ce ko taki ɗaya ba za a matsar da shi ba.

Iya ba ta da agogo, da tatsuniya take auna dahuwar alewa. Ƙaramin kasko, gajeriyar tatsuniya. Amma ranar jajibirin kasuwar Makarfi, da take ɗora babban kaskon, tatsuniya ɗaya ce tak take yi mana, ta Autar Fadama. Sai ta gyara zama ta ce, "To ga ta nan ta taso, ku ba ta wuri." Mu ce, "Ta shigo, mun matsa."

Wai wata yarinya ce, auta, da yayyenta maza, iyayensu sun rasu sun bar musu fadama. Suka shuka rake tare. Ran nan shamuwa ta sauka a bakin fadamar, ta ba yayyen labarin wani gari can gabas, inda rijiya ba ta ƙafewa. Suka ɗaura niyya. Suka ce wa Auta, ki tsare mana raken nan, kafin ya isa sara mun dawo. Auta ta zauna tsaro. Biri ya zo ya ce ta sam masa, ta ce sai yayyena sun dawo. Gafiya ta zo, ita ma haka. Rake ya isa sara, ya wuce, ya yi fure, ya bushe, ya sake tohowa, ya yi tsawo ya yi duhu har Auta ta daina ganin hanya. A nan Iya kan rage murya ta yi waƙar, tana juya kasko da muciya:

"Rake, rake, rage tsawo,
In hango hanyar gabas."

Rake bai rage ba. Auta ta yi furfura tana zaune. Sai wata rana da yamma, tana cikin waƙar, ta ji an yi sallama daga bayan rake.

Daidai nan Iya za ta ɗiga ruwan alewar a ƙwaryar ruwan sanyi, ta taɓa da yatsa, ta ce, "Ta yi. Ku ja baya kada in ƙona wani."

Shi ke nan fa. Kullum a nan take tsayawa.

Sule ya fi kowa ƙorafi. "Haba Iya, to wa ya yi sallamar?"

"Ji angon nan nawa," in ji ta. "Ko ɗankwali bai taɓa saya mini ba, ya iya tuhuma. Riƙe mini faifai."

"Gobe za ki ƙarasa?"

"Allah ya kai mu."

Gobe kuwa ƙaramin kasko ne, wata tatsuniyar ce daban. Idan jajibirin kasuwa ya zagayo, sai ta ɗauko ta Auta tun daga farko. Sule ya taɓa yin dabara, yana zare makamashi daga murhu a ɓoye don alewar ta yi jinkiri. Iya ta gan shi sarai. Sai kawai ta ƙaro baƙi a tsakiyar labarin, bayan biri da gafiya ga bushiya, ga zomo, ga wata tsohuwar akuya mai tari, kowa Auta ta ce masa sai yayyenta sun dawo. Sallamar ba ta zo ba sai da alewa ta yi. Har Ladi ta yi barci a cinyata.

Idan mun kwanta sai gardama ta tashi. Sule ya ce kura ce ta maƙe murya. Ladi ta ce wallahi yayyenta ne, har da tsaraba. Ni kuwa abin tsoro yake ba ni, ba kurar ba, zaman da Auta ta yi. Ina kuma tuna yadda Iya take jan alewa a turken nan, hannuwanta suna aiki su kaɗai, idonta ba ya kan alewar ko kaɗan. A lokacin na ɗauka gwaninta ce kawai.

Iya ta rasu ina makarantar horon malamai a Zariya. Ladi ta bi ta wajen haihuwar fari. Gidan ya zube, aka raba fili. Ni na yi aure a Ikara, na koyar har na yi ritaya, maigidana malam ya rasu, yara kowa ya kama gabansa. Yanzu ni kaɗai ce a gidan, sai rediyo. Ba na son ana cewa ina kukan kaɗaici, amma gaskiya ita ce akwai ranar da nake wuni ban yi magana da kowa ba sai mai kawo ruwa.

Kafin in tafi na kira Sule a Fatakwal. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, ka tuna Autar Fadama? Ko Iya ta taɓa gaya maka wanda ya yi sallamar?"

Ina jin ƙarar motoci ta wajensa. "Wace Auta kuma? Ke Hajara, ƙwaƙwalwarki ba ta zubar da komai. Ni alewar kawai na tuna."

Na yi dariya don kada ya ji wani iri. Da na ajiye wayar sai na ga ashe ni kaɗai na rage da tatsuniyar nan a duniya, ita ma guntuwa.

Na shiga mota zuwa Makarfi, na sake wata zuwa Hunkuyi, ɗan acaba ya ƙarasa da ni. Zan faɗi gaskiya a kan wurin, tunda abin da aka aike ni ke nan. Ɗaki ɗaya ne da rumfa. A rumfar ga tsohon injin matsar rake, an shafe shi da fenti, babu dokin da ke juya shi. Ga manyan kasake a jere, sanyi ƙalau. Ga hotuna a bango. Abin da ya fara dukana shi ne babu ƙamshi, warin fenti kawai. Baƙo a ranar ni ce kaɗai.

Mai kula da wurin wata budurwa ce, Maryam, jikar mai injin, yarinya mai fara'a. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta zaga da ni, sannan ta ce za ta dafa mini alewa in ga yadda ake yi. Ta kunna ɗan murhun gas. Ni kuma a zuciyata na fara, ga ta nan ta taso. Wallahi ko fadamar yayyen ba su bari ba ta ce, "Mama, ta yi."

Na tambaye ta ko akwai wani tsoho ko tsohuwa da ya san Iya mai alewa, ko wanda ya san tatsuniyar Autar Fadama.

"Ayya Mama, da kin zo bara. Akwai Baba mai korar dokin injin, shi ya san mutanen da duka. Da damina Allah ya yi masa rasuwa."

Na ce Allah ya jiƙansa. Na fara neman jakata in tafi.

A lokacin na hango shi a kusurwa, an jingine shi da bango. Turke ne da ƙugiya, gefe ɗaya ya ƙone, ga kuma wani karce mai kama da ƙafar kaza da Sule ya yi da wuƙar babanmu har ya sha duka. Maryam ta ce daga kangon wani gida aka tsinto shi, ba su san na wa ba ne.

Na ce, "Na kakata ne."

Na je na tsaya a gabansa, na ɗaga hannuwa yadda Iya take yi. Sai na ga bango a gabana. Jikina ya ba ni ba haka ba ne. Na rufe ido na mayar da turken tsakar gidanmu, inda ya tsare wa kowa hanya, na tsaya inda Iya take tsayawa. Abin da ke gaban mai tsayuwa a wurin, in ya ɗaga ido ya wuce turken, bakin zaure ne.

Sai wata magana ta dawo mini, wadda Inna ta taɓa yi ana tsefe mini kai, ban ɗauke ta da muhimmanci ba. Na tambaye ta me ya sa babu mai zuwar wa Iya yawon sallah daga gidansu. Inna ta ce ai ba ta da kowa, yayyenta sun tafi Makka a ƙafa tun tana budurwa, suka bar ta da gonar gado, ba a sake jin labarinsu ba. Na san wannan shekara da shekaru. Na san tatsuniyar ma. Ban taɓa ajiye su kusa da juna ba sai a ɗakin nan mai warin fenti.

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Maryam ta kawo mini kujera da ruwa, ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya yi mata albarka. Da na natsu na ce, "'Yata, alfarma ɗaya. Ku ɗauke shi daga jikin bango ku kafa shi a tsakiya, yadda wanda ya tsaya zai riƙa ganin ƙofa."

"Zai tsare hanya fa, Mama."

"Zai tsare. Haka yake."

Ta kira wani makwabci suka jawo shi tsakiyar ɗakin, suka tokare shi da duwatsu kafin a samu mai haƙa.

Da muna yara mun ɗauka Iya rowar ƙarshen labari take yi mana. Yanzu na san ba ta da shi ne. Ta kai Auta har inda zuciyarta ta iya kaiwa, har aka yi sallama, daga nan sai ta miƙe ta kama aiki, idonta a bakin zaure. Ba ta yarda ta ce kura ce ba, ba ta kuma yi mana ƙaryar cewa yayyen ne ba. Shi ya sa duk tatsuniyoyinta tana rufe su da ƙurunƙus, ban da wannan.

A mota Bilkisu ta kira. "Mama, ya wurin? Ya kai a zo?"

Na ce, "In alewa kuke so, ta kasuwar Makarfi ta fi daɗi. Wurin ɗan ƙarami ne, kafin yara su gama cire takalmi sun gama gani. Amma ku zo. Ku biyo ta Ikara ku ɗauke ni, akwai tatsuniyar da zan yi musu a can."

"To Mama, sai dai in an yi hutu. Mu ga yadda aikin babansu zai yi."

Na ce Allah ya kai mu.

Na iso gida ana kiran magariba. Na yi salla, na kunna rediyo, na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a inda na saba shimfiɗa ta tun rasuwar malam. Sai da na zauna na ɗaga ido, na ga ashe ƙofar gida take kallo.