Mun Iske Ta a Kunne

Shekara biyu bayan an ba mu jiha, Baba ya sayar da shanun huɗarmu ya sayi ƙaramar a-kori-kura. Daga nan gidanmu bai ƙara tashi ba.

Lokacin Dutse ta zama babban birni, ko'ina gini ake yi, kowa na cewa mai ɗaukar yashi da bulo ya warke. Wata Asabar Baba ya tafi da ni da ƙanensa, Baba Sule, mu ga motar. Mun iske ta a kunne a bakin wani gangare, fara ce, an wanke ta tas. Baba ya san dabba, don haka ya duba ta yadda yake duba sa a kasuwa. Ya zagaya ta, ya danna tayoyi da yatsa, ya bubbuga bodi, ya sa ƙarti suka hau baya don ya ga ko za ta durƙusa. Dillalin motar yana ta cewa, "Alhaji, wannan ba ta shan mai, lasa take yi." Baba Sule ya ce, "Yaya, a kira bakanike mana." Baba ya ce, "Tun ba a haife shi ba nake saye da sayarwa." Ba wanda ya ce a kashe ta a sake tayarwa.

Washegari ta ƙi tashi. Turi ya zama aikinmu na safe, ni da ƙannena, tun kafin mu sha koko. In ta tashi sai hayaƙi ya rufe ƙofar gida, yaran unguwa su bi mu da ihu. Kafin damina injin ya buga. Ruwa ya sauka ba shanu, muka yi huɗa da hannu, muka makara, gero bai yi ba. Baba ya sayar da gonar fadama ya sa wani injin, shi ma bai kai kaka ba. Aka ɗora motar kan duwatsu a gindin darbejiya, kaji suna ƙwai a ciki. Tuwo dai ya ragu a gidan. Baba ya daina zama cikin mutane har ya rasu.

A da muna cin abin da muka noma har wata shekara. Yanzu ina zaune a gefen garin Dutse, ina fasa dutse ina sayar wa magina. Gonarmu an yi gidaje a kanta, ba na bi ta wajen.